Tikitin Jirgin Rigasa: A Saya Ta Waya Ko A Je Kanta?

Mutumin Kaduna da ke shirin hawa jirgin ƙasa zuwa Abuja yana da hanyoyi biyu na halal da zai mallaki tikiti. Ko dai ya saya da kansa tun yana gida, ta manhaja ko shafin intanet da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta tanada, ko kuma ya tafi tashar Rigasa ya tsaya gaban kanta a yanka masa. Akwai wasu hanyoyin guda biyu da jama'a ke bi, wato sa wani ya saya maka, da karɓa daga hannun 'yan cuwa-cuwa a bakin tasha. Abin da ya sa zaɓin ya cancanci a zauna a auna shi shi ne, kujerun jirgin ba sa isar masu nemansu a ranakun da aka fi yin tafiya, saboda haka hanyar da mutum ya bi ita ce sau da yawa ke raba wanda zai sauka a tashar Idu da ke Abuja da hantsi da wanda zai juya da kayansa ya koma neman mota.

Bin layi a tashar jirgi ba baƙon abu ba ne a Kaduna, garin da dogo ya raina. Layin da ya taso daga Baro ya ratsa nan ya isa Kano a 1911, aka haɗe shi da na Legas a 1912, daga baya kuma na gabas da ya fito daga Fatakwal ya biyo ta Kafanchan ya same su a Kaduna. Tsofaffin ma'aikatan reluwe suna tuna tikitin wancan zamani: ɗan kwali ne mai kauri da aka buga wa sunan tashar tashi da ta sauka da ajin tarago, mai dubawa ya huda shi a cikin jirgi. Babu sunan kowa a jikinsa, duk wanda ya riƙe shi shi ne mai shi. Lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da sabon layin Abuja zuwa Kaduna ranar 26 ga Yuli, 2016, mai tsawon kilomita 186, wanda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina, dogon sabo ne, taragun sababbi ne, amma yadda ake sayar da tikiti na da ne: ka zo da kuɗinka a hannu, ka bi layi, a miƙo maka takarda ta taga.

Da farko hakan bai dami kowa ba, domin masu hawa ba su da yawa. Abubuwa biyu ne suka sauya lissafin. A watan Maris na 2017 aka rufe filin jirgin saman Abuja na mako shida don gyaran titin saukar jirage, aka karkatar da jiragen zuwa Kaduna, mutane da dama suka ɗanɗana jirgin ƙasan a karon farko. Sannan garkuwa da mutane ta yi ƙamari a kan titin Abuja, musamman a yankin Rijana da Katari, har ta kai manyan jami'an gwamnati da hafsoshi da 'yan majalisa suna ajiye motocinsu suna neman kujera tare da ɗalibai da 'yan kasuwa. Daga nan layin Rigasa ya zama abin da ake tashi dominsa tun kafin Asuba. Mutum ya shafe sa'o'i a tsaye, a sayar wa 'yan ƙalilan na gaba, sai a ce tikiti ya ƙare, alhali a waje ga samari riƙe da shi suna neman ninkin kuɗinsa. Wasu fasinjojin a tsaye suke yin tafiyar gaba ɗaya. Ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya sha kokawa a bainar jama'a kan wannan badaƙala, kuma ita ce babban dalilin da aka bayar sa'ad da aka ƙaddamar da sayar da tikiti ta intanet a watan Janairun 2021, bisa yarjejeniyar shekara goma da kamfanin SecureID. Layin Kaduna ne ya fara samun wannan tsari. Na Legas zuwa Ibadan da na Warri zuwa Itakpe sai a ƙarshen 2023 suka bi sahu.

Kafin a shiga auna hanyoyin biyu akwai abin da ya kamata a fahimta, domin a kansa mutane da yawa ke yin kuskure. Kantar yau ba kantar da ba ce. Ma'aikacin da ke bayan taga shi ma a kan kwamfuta yake yankar tikitin, yana shigar da sunanka da bayananka cikin tsarin da mai waya ke amfani da shi, kuma kujerar da wani ya riga ya biya daga ɗakinsa a unguwar Malali ta fita daga hannunsa. Hausawa na cewa zuwa da kai ya fi saƙo, amma a wannan sha'ani zuwa da kai ba ya ƙirƙiro kujerar da babu ita. Wanda ya ga jirgi ya cika a manhaja, ya ce bari ya je tasha ko za a dace, yawanci wahala kawai yake ƙara wa kansa.

Babbar fa'idar saye ta waya ita ce tabbas, kuma a ganina ita kaɗai ta isa ta rinjayar da mafi yawan matafiya. Tashar Rigasa ba a tsakiyar gari take ba. Tana can ƙuryar yamma, cikin ƙaramar hukumar Igabi, kuma wanda ya taso daga Kawo ko Unguwar Rimi ko Barnawa ko Sabon Tasha sai ya ratsa gari, ya bi ta Bakin Ruwa da cunkosonta, kafin ya kama dogon titin da zai kai shi tashar. Idan ya riga ya saya, ya san lokacin tashi, ya san taragonsa da lambar kujerarsa, zai fito daga gida da lissafi. Idan kuwa kanta ya dogara da ita, to ɗaya daga cikin biyu ne: ko ya je tun kafin ranar ya saya ya dawo, ya biya kuɗin Keke sau huɗu maimakon sau biyu, ko ya tafi da kayansa a ranar bai san ko zai samu ba. Ga kuma maganar dawowa, wadda ba a cika tunawa da ita ba sai an isa Abuja. Mai waya yana iya sayen tikitin komawa gida daga duk inda yake da zarar an buɗe sayarwa, ko yana zaune a ofishin da ya je, mai dogaro da kanta kuwa sai ya sake neman hanyar tashar Idu ko ta Kubwa ya bi wani layin, kuma Idu ma ba kusa da gari take ba.

Ta fuskar farashi bambancin ba a jikin tikitin yake ba, a gefensa yake. Lokacin da jirgin ya dawo aiki a Disambar 2022, kuɗin kujera a tarago mai ɗaukar mutum 88 naira 3,600 ne, a mai ɗaukar 56 naira 6,500, a na alfarma mai kujeru 24 kuma naira 9,000. Farashi yakan sauya, kuma ɗaya daga cikin amfanin manhajar shi ne tana nuna maka kuɗin hukuma na kowane aji a rubuce, babu mai ce maka an ƙara jiya da dare. Abin da mai waya ke ƙarawa a kai shi ne data da ɗan abin da banki zai cire, wanda bai kai kuɗin Keke zuwa Rigasa daga kusan kowace unguwa ba. Amma ga mazaunin Rigasa ɗin kanta, ko Hayin Ɗanmani, ko Tudun Wada, wanda tashar ba ta yi masa nisa ba, wannan riba ta ragu sosai, kuma babu laifi ya leƙa ya saya a hannu idan hakan ya fi kwanta masa a rai.

Maganar suna ta fi maganar kuɗi nauyi. Daren Litinin, 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka dasa bam a kan dogo a kusa da Katari, suka buɗe wa jirgin da ya taso daga Abuja wuta, suka kashe mutane, suka tafi da fasinjoji sama da 60 cikin daji, kuma rukunin ƙarshe na mutum 23 bai samu kuɓuta ba sai a farkon Oktoban shekarar. A kwanakin farko bayan harin, tambayar da ta fi wahalar amsawa ita ce su wane ne a cikin jirgin. Hukumomi sun ce an sayar da tikiti 398, kuma 362 ne aka tantance sun shiga, yayin da wasu rahotanni ke ambaton adadin da ya ninka haka. Da lambobin wayar da ke cikin jerin sunayen aka riƙa kiran mutane ɗaya bayan ɗaya don a san wanda ya tsira. Duk wanda ya hau da tikitin da ke ɗauke da sunan wani, ko ya shiga ta bayan fage, babu inda sunansa ya fito, kuma iyalinsa ne suka sha wahalar nuna cewa yana ciki. Shi ya sa da jirgin ya dawo ranar 5 ga Disamba, 2022, aka wajabta lambar zama ɗan ƙasa ta NIN kafin a sayar wa mutum tikiti, kuma ake duba katin shaida a ƙofar shiga. Ba harin 'yan bindiga kaɗai ke sa a buƙaci wannan jerin ba. Ranar 26 ga Agusta, 2025, jirgin da ya nufo Kaduna ya sauka daga kan dogo a Asham, aka dakatar da zirga-zirga na makonni, kuma a irin wannan hali ko neman fasinja za a yi ko mayar masa da kuɗinsa, da abin da aka rubuta ake aiki. A nan hanyoyin halal ɗin biyu sun yi kunnen doki, tun da dukansu suna shigar da sunanka, sai dai mai waya shi ne ke rubuta bayanansa da hannunsa, yana da damar duba harafi da lamba a tsanake, kuma rasit ɗinsa na nan a imel ko da takarda ta ɓace.

To amma kada a ɗauka bin layin sayen tikiti ya mutu. Ƙaura ya yi, ya koma cikin waya. Ba a buɗe sayar da tikiti da nisa sosai kafin ranar tafiya, kuma a jiragen da aka fi rububi, irin na safiyar Litinin daga Rigasa da na ranar Juma'a daga Abuja, da kuma kwanakin Sallah da Kirsimeti, kujerun kan ƙare cikin ɗan lokaci kaɗan. Fasinjoji sun daɗe suna ƙorafin cewa da zarar an buɗe sai su tarar an kwashe, daga baya kuma su ga tikitin yana yawo a hannun wasu da tsada. A ƙarshen 2023, da gwamnatin tarayya ta sanar da hawa jirgi kyauta na kwanakin bukukuwa, ta intanet aka ce a yi rajista, kuma nan aka ga yadda rububin waya ke iya zama da zafi kamar na bakin taga. Layin da can yana fifita mai ƙarfin tsayuwa da wanda ya san wani a ciki, na yanzu kuwa yana fifita mai sabis mai kyau da hannu mai sauri. Duk da haka akwai bambanci babba: wanda ya rasa a waya ya rasa ne yana zaune a gida, da sauran lokacin da zai sake shiri.

Matsalar da ta fi ci wa masu saye ta waya tuwo a ƙwarya ita ce a cire kuɗi daga asusu, alat ya shigo, tikiti bai fito ba. Yawanci hakan na faruwa ne idan sadarwa ta yanke tsakanin banki da manhajar a daidai lokacin biya. Kuɗin kan dawo, amma yana iya ɗaukar kwanaki, kuma kujerar ba za ta jira ba. Wanda hakan ta same shi bai kamata ya yi gaggawar sake biya ba. Ya fara duba imel ɗinsa da jerin tikitocin da ke cikin manhajar, domin wani lokaci tikitin ya fita, saƙon ne ya makara. Ya kuma adana hoton alat ɗin da lambar cinikin, saboda su za a nema a banki ko a tasha. Wanda kuɗin da ke asusunsa iyakar na tikitin ke nan, wannan haɗari ne na gaske a gare shi, kuma yana daga cikin 'yan wuraren da kanta ta fi, tun da a can kana tsaye a gaban mutum har a miƙo maka takarda. Farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ya nuna raunin kowane ɓangare a lokaci guda: mai niyyar biya a hannu bai samu tsabar kuɗi ba, mai biya ta waya kuma ya yi ta fama da tiransifar da ke maƙalewa. Sauran matsalolin ƙanana ne kuma suna da magani. Tikitin waya yana ɗauke da alamar da na'ura ke karantawa a ƙofa, don haka a ɗauki hotonsa a ajiye tun a gida, ko a buga shi a takarda, kada caji ko sabis ya ba mutum kunya a gaban masu tantancewa. A kuma tabbatar manhajar da aka sauke ta hukuma ce, domin duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusunsa ta WhatsApp zai aiko maka da tikiti, ba hukuma ba ne.

Akwai kuma waɗanda tsarin waya ya bari a baya, kuma ba kaɗan ba ne. Dattijon da ƙaramar waya gare shi, da Hajiyar da ba ta riƙe katin banki, da wanda ba ya karanta Turancin da manhajar ke amfani da shi, duk sai sun nemi taimako ko sun je kanta. A gare su hanya mafi sauƙi ita ce ɗa ko jika ko wani amintacce ya saya musu, da sharaɗi guda wanda ba a sassauta shi: a sa sunan mai tafiyar da lambarsa ta NIN, ba na mai sayen ba. Yaron da ya ce, “Baba, ai da sunana na yanka, ba komai, ku nuna kawai,” ya jefa mahaifinsa cikin matsala, domin za a iya mayar da shi daga ƙofa, in ma ya wuce to ba ya cikin jerin fasinjoji. Idan a shagon kwamfuta ko wurin mai POS za a saya, a tsaya a ga an shigar da bayanan daidai, a karɓi tikitin a take, a biya mai shagon ladansa a hannu, kuma kada a ba kowa lambar sirrin kati. Mai tafiya da iyali ma waya ta fi masa, saboda yana ganin kujerun da suka rage ya zaɓi na kusa da juna, maimakon a raba uwa da 'ya'yanta a taragu daban-daban. Sai dai ya tattara lambobin manyan cikinsu tun kafin ya fara, kada lokaci ya ƙure masa yana kiran waya.

Ɗan cuwa-cuwa kuwa bai ɓace ba, salo ya sake. Zai tare ka da ladabi, “Alhaji, ranka ya daɗe, akwai na yanzu-yanzu, in kana so.” Abin da zai ba ka ɗaya ne daga cikin uku: tikitin gaske mai sunan wani, ko hoton tikitin da aka riga aka sayar wa wani, wanda na'ura za ta ƙi karɓa a karo na biyu, ko alkawarin shigar da kai ta wata hanya. A dukkan ukun ka biya fiye da kima, ba ka da inda za ka kai ƙara, kuma kuɗinka ne ke ƙarfafa masu kwashe kujerun da ka rasa tun farko. Ban ga halin da wannan hanya ke zama zaɓi ba, komai gaggawa.

Wani ƙaramin abu da mai saye ta waya ke yanke wa kansa shawara a kai shi ne tashar sauka. Wanda zai je Gwarinpa, Dutse, Bwari ko Kubwa ɗin kanta, ya zaɓi Kubwa ya huta da dawowa baya. Wanda ya nufi Jabi, Utako ko tsakiyar birni, ko yake son kama jirgin sama, Idu ta fi masa, musamman da yake jirgin cikin birnin Abuja, wanda aka sake buɗewa a Mayun 2024, yana bi ta nan zuwa filin jirgi da kuma cikin gari. A kanta, cikin hayaniya da masu jira a bayanka, ba kasafai ake samun natsuwar yin wannan lissafin ba.

Saboda haka, duk wanda tafiyarsa ke ɗaure da lokaci, ganin likita ne, ko jarrabawa, ko zaman kotu, ko ganawar biza, ko jirgin sama, ya saya ta waya, ya kuma yi rajista a manhajar tun kwanaki kafin ya buƙace ta, domin ranar rububi ba ranar koyon cike fam ba ce. Ya tabbatar sunan da ya rubuta ya yi daidai da na katinsa na ɗan ƙasa, ya sa kuɗin da ya ɗan zarce na tikitin a asusunsa, ya shiga da zarar an buɗe. Wanda tafiyarsa ta tsakiyar mako ce, ba ta gaggawa ba, yana kusa da Rigasa, kuma ya fi amincewa da abin da ya riƙe a hannu, kanta za ta biya masa buƙata, muddin ya je da wuri da katin shaidarsa, ya kuma fara tambaya ko ana sayarwa a tagar a wannan lokacin, tun da hukumar kan taƙaita sayarwa ga intanet a wasu lokuta. Kowace hanya aka bi, a isa tasha da sauran lokaci mai yawa, saboda binciken kaya da tantance tikiti suna cin lokaci, kuma ana rufe ƙofa kafin jirgi ya tashi. Idan kuwa daren tafiya ya yi, manhaja ta nuna duk jiragen gobe sun cika, gara mutum ya yanke shawara a daren: ko ya ɗaga tafiyar zuwa ranar da akwai kujera, ko ya shirya bin mota daga tasha sananniya, ya fita da sassafe yadda zai isa Abuja da rana tsaka.